Wa ya ci Wales: takobin Ingila ko cin amanar 'yan'uwa?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kakana, Allah ya jiƙansa, in zai ƙirga shekarunsa sai ya ce an haife shi "shekarar zuwan ɗan Sarkin Ingila", wato 1925, lokacin da aka yi wa Yariman Wales hawan daba a Kano zamanin Sarki Usman. Tun ina yaro nake mamakin yadda ɗan Sarkin Ingila ke riƙe da sarautar wata ƙasa daban. Kwanan nan na zauna na karanta, sai na ga ashe ƙwace sarautar aka yi daga hannun masu ita a ƙarni na 13. Abin da na fahimta shi ne Ingila ba ta ci Wales da ƙarfi ba, 'ya'yan sarautar Wales ne suka ci junansu, Ingila ta zo ta tsinci dami a kala. Ƙanin sarkin nasu ma da kansa ya haɗa baki a kashe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko akwai mai ja?

Bazazzage_77:
Wa alaikumus salam. Ni ne mai ja na farko. Wannan karin maganar ta bango da ƙadangare mun mai da ita maganin kowace cuta. Ko da bangon bai tsage ba, idan giwa ta jingina da shi zai faɗi.

Malam_Tarihi:
Malam Ɗan_Gwale, maganarka tana da tushe, amma bari mu jera abin yadda ya faru kafin a yanke hukunci.

A wancan zamani Wales ba ƙasa ɗaya ba ce. Manyan masarautu uku ne: Gwynedd a arewa, Powys a tsakiya, Deheubarth a kudu. A gefen gabas da kudu kuma akwai hakiman kan iyaka, jikokin Normawa, waɗanda Sarkin Ingila ya sakar wa mara su yi yaƙi, su gina sansani, su yi shari'a a ƙasarsu yadda suka ga dama. Wanda ya fi kowa kusa da haɗe Wales shi ne Llywelyn ɗan Gruffudd na Gwynedd. Shi ma ba da lalama ya hau ba. A 1255 ya gwabza da yayansa Owain da ƙaninsa Dafydd a Bryn Derwin, ya ci su, ya kulle Owain har shekara 22.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, tashin Llywelyn ya zo daidai da lokacin da Ingila ke cikin yaƙin basasa. Manyan hakiman Ingila ƙarƙashin Simon de Montfort sun yi wa Sarki Henry na Uku tawaye, suka kama shi da ɗansa Edward a yaƙin Lewes a 1264. Llywelyn ya ƙulla ƙawance da Montfort. A 1265 Edward ya tsere daga hannunsu, ya tara runduna, ya kashe Montfort a Evesham. Duk da haka Ingila ta gaji ƙwarai, shi ya sa a 1267 aka yi yarjejeniyar Montgomery, inda Henry ya amince Llywelyn shi ne Yariman Wales, sauran sarakunan ƙasar su yi masa caffa, shi kuma ya yi wa Sarkin Ingila, ya kuma biya mak 25,000.

Ka ga kenan bangon Ingila ne ya fara tsagewa, Llywelyn ya shiga. Da suka liƙe nasu bangon sai suka juyo kansa.

Sarkin_Zolaya:
Kafin a ci gaba, don Allah wani ya koya mana faɗin sunan nan. Na gwada "Lilwelin" harshena ya naɗe. Ni dai daga yau Malam Lawal zan riƙa ce masa.

Ɗalibar_Bangor:
Haha, Yaya Sarkin_Zolaya ba kai kaɗai ba ne. Shekarata biyu a garin nan ina karatu, har yanzu in na faɗa sai su yi murmushi. Wannan "Ll" ɗin, ka ɗora harshe kamar za ka ce "l" sai ka huro iska ta gefen baki. Shi kuma "dd" na Gwynedd da Dafydd ya yi kusa da zalun na Larabci in mai tajwidi ya furta shi.

Ɗan_Gwale:
Allah ya ƙara sani Malam. To amma ai ba ka taɓo maganar Dafydd ba. A 1274 ya haɗa kai da Gruffudd ɗan Gwenwynwyn, sarkin kudancin Powys, za su kashe Llywelyn. Da asiri ya tonu suka gudu wurin Edward, wanda a lokacin ya riga ya zama Sarkin Ingila, ya karɓe su hannu bibbiyu. Kuma na ga an ce rundunar da Edward ya shiga da ita a 1277 mutum wajen 15,500 ne, 9,000 daga ciki 'yan Wales ne. Fiye da rabi! In wannan ba da ɗan gari akan ci gari ba ne, to mene ne?

Kurtu_Mai_Ritaya:
Ɗana, bari tsohon soja ya sa baki. Adadin da ka kawo haka yake, amma ka tambayi kanka wa ya biya su, wa ya ciyar da su. Soja ba ya tafiya da kishin ƙasa a cikinsa, da tuwo yake tafiya. Da yawansu mutanen kudu ne da na kan iyaka, talakawan hakiman da ke biyayya ga Ingila, ba su taɓa ɗaukar Llywelyn sarkinsu ba.

Abin da ya burge ni a yaƙin 1277 shi ne kusan ba a yi wata babbar arangama ba. Edward ya san mutanen Gwynedd duwatsu ne garkuwarsu, in an matsa musu su hau duwatsun Eryri, su bari ruwa da sanyi da yunwa su kori baƙo. Kakanninsa sun sha wannan kashin. Sai ya canza dabara. Ya taso daga Chester yana bin gaɓar teku, ya sa ɗaruruwan masu gatari suna sare daji suna buɗe hanya mai faɗi don kada a yi masa kwanton ɓauna, jiragen ruwa na biye da shi da abinci. Duk inda ya tsaya sai ya kafa sansani, Flint, sannan Rhuddlan. Daga nan ya tura jirage suka kama tsibirin Anglesey, wanda shi ne rumbun hatsin Gwynedd, daidai lokacin kaka. Ya kawo masu girbi 360 suka girbe hatsin aka ciyar da sojan Ingila. Mutum yana kan dutse yana hango ana girbe gonarsa, hunturu na ƙaratowa. Me zai yi? A Nuwamba Llywelyn ya sa hannu a yarjejeniyar Aberconwy, aka bar masa yammacin Gwynedd kawai da sunan sarauta.

Wannan ba aikin Dafydd ba ne, aikin mai kula da kayan abinci ne.

Alhaji_Kantin_Kwari:
Ranka ya daɗe Baba Kurtu, ka zo inda nake jira. Ni ɗan kasuwa ne, abin da na hango tun farko shi ne bashi. Mak 25,000 da Malam ya ambata, mak ɗaya kashi biyu cikin uku ne na fam. Ƙasar da dukiyarta shanu ne da tumaki, ina za ta samo wannan? Dole Llywelyn ya matsa wa talakawansa da haraji, su kuma suka fara ƙosawa da shi. Shi kuwa Edward yana da 'yan kasuwar Riccardi na birnin Lucca a Italiya, suna ba shi rance, suna cire kuɗinsu daga kuɗin fiton ulu da ake fitarwa daga Ingila. Ɗaya yana yaƙi da kuɗin banki, ɗaya yana yaƙi yana biyan bashin abokin gabansa. Wa kake tsammanin zai fara gajiya?

Bazazzage_77:
Madalla Alhaji. Giwar da nake faɗa kenan.

Na_Maraɗi:
Ni tambaya gare ni. In an riga an yi sulhu a 1277, mi ya kawo yaƙi na biyu? Llywelyn ne ya karya alkawali?

Malam_Tarihi:
A'a ɗan'uwa, kuma nan ne maganar Ɗan_Gwale ke samun tangarɗa. Dafydd ɗin nan da ya gudu wurin Edward, shi ne ya kunna wutar 1282. Ladan da aka ba shi bai kai abin da ya sa rai ba, kuma ma'aikatan Ingila suka riƙa taka shi da sauran 'ya'yan sarauta, ana ja musu shari'a da dokar da ba tasu ba. Shi kansa Llywelyn ya yi shekaru yana neman a yanke masa shari'ar wata ƙasa mai suna Arwystli da dokar Wales, ana ta yi masa jeka-ka-dawo. A Maris 1282, mako guda kafin Ista, Dafydd ya afka wa sansanin Hawarden da dare. Wuta ta kama ko'ina. Llywelyn bai shirya ba, amma in ya zauna ya zama bare a cikin mutanensa, sai ya shiga.

Kuma da farko sun taɓuka. A Nuwamba sojan Ingila suka haɗa gadar jirage daga Anglesey za su tsallako, aka rutsa su, kwamandansu Luke de Tany ya halaka tare da barade fiye da goma, da yawa nauyin sulke ya nutsar da su. A lokacin ne babban limamin cocin Canterbury, John Peckham, ya kawo tayi: Llywelyn ya bar Eryri a ba shi ƙasa a Ingila mai kawo fam 1,000 a shekara, Dafydd kuma ya tafi yaƙi Ƙasa Mai Tsarki, wato yankin Ƙudus, kada ya dawo sai da izini. Suka ƙi. Llywelyn ya gangara tsakiyar ƙasar neman ƙarin magoya baya, ranar 11 ga Disamba 1282 aka kashe shi a Cilmeri kusa da Builth, bayan ya rabu da rundunarsa. Aka kai kansa Landan, aka naɗa masa rawanin ganye don izgili, aka kafe a Hasumiyar Landan.

Ɗan_Gwale:
To Malam, ya aka yi ya rabu da rundunarsa? Ba yaudararsa aka yi ba? Kuma 'yan gidan Mortimer da ke cikin waɗanda suka tare shi ai danginsa ne. Roger Mortimer, uwarsa 'yar Llywelyn Babba ce, kakan shi wannan Llywelyn ɗin. Ka ga mun dawo kan 'yan'uwa. Shi ma Dafydd da aka kama shi a Yuni 1283, mutanen da ke yarensa ne suka miƙa shi.

Bazazzage_77:
Mortimer ɗan'uwa ne ta jini, amma hakimin Ingila ne gaba da baya. Shi ne ma ya taimaki Edward ya tsere a 1265, kuma matarsa aka aika wa kan Montfort bayan Evesham. Kada ka sa shi a lissafin 'yan gida. Su kuma waɗanda suka miƙa Dafydd, wata shida bayan mutuwar Llywelyn, sansanoni duk sun faɗi, ba abinci, mutumin yana ɓoye a fadama. Wannan ba shi ya kawo faɗuwa ba, faɗuwar ce ta kawo shi.

Uwar_Biyu:
Ku maza kuna ta lissafin dakaru da kuɗi, ba wanda ya tambayi ina 'ya'yan suka shiga. Ni nan ne abin ya taɓa ni. Matar Llywelyn, Eleanor, 'yar Simon de Montfort ce. Tana tahowa daga Faransa a 1275 za a kai ta ɗakinta Edward ya sa aka tare jirgin, ya tsare ta kusan shekara uku, sai 1278 aka ɗaura auren a Worcester. A Yuni 1282 ta rasu wurin haihuwa. Jaririyar, Gwenllian, wata shida da haihuwa aka kashe ubanta. Edward ya sa aka kai ta gidan mata masu zaman ibada na Sempringham, can gabashin Ingila, ta zauna nan har ta rasu a 1337 tana da shekara 54. Ba aure, ba haihuwa, kuma da gangan aka yi don kada a sami magaji. 'Ya'yan Dafydd maza biyu aka kulle su a Bristol. Babban ya rasu bayan 'yan shekaru. Ƙaramin, Owain, yana nan a tsare ya girma, har a 1305 aka ba da umarni a riƙa sa shi cikin keji na katako da ƙarfe da dare. Yaron da aka kama yana ɗan shekara bakwai ko takwas! Wannan wane ɗan'uwa ne ya yi masa? Malam Ɗan_Gwale ka amsa mini.

Ɗan_Gwale:
Hajiya, wannan kam ba ni da amsa. Innalillahi.

Malam_Tarihi:
Hajiya ta kawo jigon abin. Manufar ba cin yaƙi kaɗai ba ce, tumɓuke gidan sarautar ce daga saiwa. Dubi yadda aka kashe Dafydd a Shrewsbury a Oktoba 1283. Ba a ɗauke shi sarkin da aka ci da yaƙi ba, an yi masa shari'ar bawan da ya ci amanar ubangidansa. Aka ja shi a ƙasa da doki, aka rataye shi, aka farke cikinsa, aka raba gawar huɗu aka aika garuruwa. Shi ne babban mutum na farko da aka san an yi wa wannan hukunci a Ingila kan laifin cin amanar sarki. Kusan shekara ɗari bayan haka, wani jikan gidan, Owain Lawgoch, yana yi wa Faransa aikin soja yana cewa zai dawo ya karɓi gadonsa, Ingila ta biya wani ɗan Scotland mai suna John Lamb ya shiga hidimarsa ya kashe shi a 1378.

Sarkin_Zolaya:
To ni labarin da na sani shi ne Edward ya tara mutanen Wales ya ce zai ba su yarima haifaffen ƙasarsu wanda bai iya Turanci ko kalma ɗaya ba, suka yi ta murna, sai ya ɗago jaririnsa. Wallahi in gaskiya ne mutumin nan ɗan duniya ne.

Ɗalibar_Bangor:
Labari ne mai daɗi amma ƙanzon kurege ne, Yaya. An dai haifi yaron a Caernarfon a Afrilu 1284, amma a lokacin yana da wa, Alphonso, wanda shi ne magaji har ya rasu a Agustan shekarar. Sarautar kuma sai 1301 aka ba shi, yana saurayi. Labarin jaririn sai a ƙarni na 16 ya ɓulla a rubuce. Kuma fadar Ingila ta lokacin Faransanci take yi.

Tunda na shigo, bari in faɗi abin da idona ya gani. Conwy da Caernarfon duk ba su da nisa da nan, na je su. Hoto ba ya nuna girman abin. A Conwy ba sansanin kaɗai ba ne, gari ne guda aka kewaye da ganuwar dutse, kana iya hawa ka zaga. Aka zuba baƙi daga Ingila a ciki, aka ba su kasuwa da gata, 'yan ƙasa suna waje. A wurin akwai gidan ibadar da aka binne Llywelyn Babba, Edward ya sa aka tashe shi aka mai da shi wani wuri don ya yi gininsa. Kuma duk a bakin ruwa suke, Conwy, Caernarfon, Harlech, Beaumaris, don ko an kewaye su ta ƙasa jirgi zai kawo abinci. A Harlech har yau akwai matakalar da ke gangarawa inda teku take a da. Maginin, James na St George, daga Savoy aka ɗauko shi. Conwy kaɗai ta ci wajen fam 15,000.

Abin da ya ba ni mamaki, Caernarfon da aka gina don a danne su, yau in ka shiga kanti a garin da yarensu za a fara yi maka magana. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin yaren a duk faɗin Wales sun kai kimanin 538,000.

Na_Maraɗi:
Wannan tsari na gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zuba mutane a ciki su yi noma su yi tsaro, ya tuna mini da ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kakkafa, irin su Wurno. Mu mutanen Maraɗi mun san zancen ta ɗaya gefen, don kakanninmu ne ake tsaro dominsu.

Bazazzage_77:
Kai Na_Maraɗi, kada ka tono wannan, zaren zai kai gobe.

Ɗan_Gwale:
Tunda an zo gida, ni ma abin da ya sa na ɗauko zancen kenan. Kano ta yi basasa tsakanin Tukur da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, shekara takwas bayan nan Turawa suka shigo a 1903. Ba kama?

Kurtu_Mai_Ritaya:
Kama ta nesa. Ganuwar Kano ba basasa ce ta fasa ta ba, igwa ce. A Wales kuwa makaman ɓangarorin biyu ba su da wani nisa da juna, bambancin yawan mutane ne da kuɗi da jirage. Mu bar kowane tarihi a mazauninsa.

Lauya_Mai_Jiran_Aiki:
Ban ga wanda ya taɓo doka ba, kuma a ganina ita ta haifi rikicin 'yan'uwan da ake ta magana. A dokar Wales, wadda ake jingina wa Sarki Hywel Dda, ƙasar uba ana raba ta ne tsakanin 'ya'ya maza duka, har da wanda aka haifa ba ta aure ba in dai uban ya karɓe shi. A ƙa'ida sarauta ba ta cikin abin rabo, amma kowane ɗan sarki yana ganin yana da haƙƙi, kuma Ingila kullum tana tsaye tana cewa a ba kowa rabonsa, don ta san me hakan ke haifarwa. A Ingila kuwa babban ɗa ke kwashe ƙasa. Don haka Dafydd a idon kansa ba maci amana ba ne, mai neman gadonsa ne da wa ya danne.

Ku kuma lura da Dokar Rhuddlan ta 1284. Ta yanka Gwynedd gunduma-gunduma irin na Ingila, ta kawo dokar laifuka ta Ingila, ta hana ɗan da ba na aure ba gado, amma ta bar rabon ƙasa tsakanin 'ya'ya yadda yake. Mai nasara ya san abin da ya bari.

Malam_Tarihi:
Barista ka yi kyau. Ga kuma abin da ya sami waɗanda suka bi Edward, don Ɗan_Gwale ya ƙara a lissafinsa. Rhys ɗan Maredudd na Dryslwyn ya tsaya wa Ingila a 1277 da 1282 duka. Bayan nasara ma'aikatan sarki suka riƙa kiransa kotu kamar kowane talaka. Ya yi tawaye a 1287, aka kashe shi a York a 1292. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai 1294, da aka ɗora haraji mai nauyi kuma aka ce a kwashi maza a kai su yaƙi Gascony da ke Faransa, ƙasar ta tashi gaba ɗaya ƙarƙashin Madog ɗan Llywelyn (wani Llywelyn ne daban). Suka ci Caernarfon da ba a gama ginawa ba, suka kashe wakilin sarki na Anglesey, har Edward kansa ya maƙale a Conwy cikin hunturu. A Maris 1295 aka karya su a Maes Moydog. Bayan nan aka gina Beaumaris, aka tashi mutanen garin Llanfaes aka mai da su can wani gefen tsibirin.

Gwaggon_Yara:
Ni dai ina karatu ina ƙaruwa. Amma ɗana da ke kallon ƙwallo ya ce akwai wani Glyndŵr da suke ji da shi har yau. Shi a ina ya shigo?

Ɗalibar_Bangor:
Gwaggo, shi ne gwarzonsu. Tutarsa mai zakuna huɗu tana ko'ina a nan, 16 ga Satumba kuma ranarsa ce.

Malam_Tarihi:
Hajiya Gwaggo, shi ya zo ne bayan fiye da shekara ɗari, kuma labarinsa ya sake nuna abin da na faɗa da farko: Wales tana numfashi ne idan Ingila na faɗa da kanta. A 1399 Henry na Huɗu ya ƙwace gadon sarauta daga Richard na Biyu, kujerarsa na rawa. Owain Glyndŵr ba ɗan daji ba ne, dattijo ne mai ƙasa, ya ma yi wa Ingila yaƙi a Scotland a 1385. Rikicin fili da maƙwabcinsa Reginald Grey na Ruthin, na hannun daman sabon sarki, shi ya tunzura shi. Ranar 16 ga Satumba 1400 magoya bayansa suka naɗa shi Yariman Wales.

A 1402 ya kama Grey, sannan ya ci yaƙin Bryn Glas, inda maharban Wales da ke cikin rundunar Ingila suka juya baka suka harbi nasu ɓangaren. Ya kama Edmund Mortimer. Sarki ya ƙi fansar Mortimer don gidansu na da haƙƙin gadon sarauta, sai Mortimer ya auri 'yar Glyndŵr ya koma ɓangarensa. Gidan Percy na arewacin Ingila ma suka yi tawaye, amma sarki ya riga su haɗuwa da Glyndŵr, ya kashe Henry Percy a Shrewsbury a 1403. A 1404 Glyndŵr ya ci Harlech da Aberystwyth, ya kira majalisa a Machynlleth, ya ƙulla yarjejeniya da Faransa, a 1405 sojan Faransa suka sauka a Milford Haven. A wasiƙarsa ta Pennal ta 1406 har jami'o'i biyu ya nema wa ƙasarsa da coci mai cin gashin kanta.

Da Henry ya gama da 'yan tawayen gida, Faransa kuma ta faɗa nata rikicin, sai aka dawo da tsohuwar dabara: toshe teku, hana abinci da makamai, bi sansani ɗaya bayan ɗaya. Aberystwyth ta faɗi a 1408, Harlech a 1409. Mortimer ya mutu a cikin ƙawanyar, aka kwashi matar Glyndŵr da 'yarsa da jikokinsa zuwa Hasumiyar Landan.

Uwar_Biyu:
Kun gani ko? Mata da yara kuma.

Lauya_Mai_Jiran_Aiki:
Da dokokin 1401 da 1402: ɗan Wales ba zai riƙe babban muƙami ba, ba zai ɗauki makami a gari ba, ba zai sayi fili a garuruwan Ingilawa ba, ba taro sai da izini. Ba'ingilen da ya auri 'yar Wales ma ya rasa damar muƙami a can.

Bazazzage_77:
To Ɗan_Gwale, ga tambaya. Glyndŵr ya ɓace, an sa lada mai tsoka a kansa, mutanensa na cikin yunwa da tara, amma ba wanda ya sayar da shi. Henry na Biyar ya yi masa tayin afuwa a 1415 bai karɓa ba. Ga haɗin kai iya haɗin kai, kuma duk da haka an ci su. Ina bangon da ya tsage?

Ɗan_Gwale:
Akwai Dafydd Gam, ɗan Wales ne, ya yaƙi Glyndŵr har ƙarshe, ya je ya mutu wa Sarkin Ingila a yaƙin Agincourt a Faransa. Ba a rasa su dai. Amma na yarda na rage kaso. Da na ce cin amana ne ɗari bisa ɗari, yanzu na dawo rabi.

Alhaji_Kantin_Kwari:
Rabi ya yi tsada, Malam. Albarka. Ka sallama a kashi ɗaya cikin huɗu mu tashi.

Sarkin_Zolaya:
Ku tsaya, ni fa na ji an ce daga baya 'yan Wales ne suka ci Ingila. Malam Lawal ya rama kenan?

Malam_Tarihi:
Da ɗan gaskiya a ciki. 'Yan gidan Tudur na Anglesey dangin Glyndŵr ne, biyu daga cikinsu ma su suka ƙwace Conwy da dabara a 1401 lokacin da masu gadi ke coci. Jikan gidan, Henry Tudor, an haife shi a Pembroke, ya sauka a Wales da tutar jan dodo, ya ci yaƙin Bosworth a 1485 ya zama Sarkin Ingila, a ƙarshen wani basasar. Sai dai ɗansa Henry na Takwas ne ya yi dokokin da suka haɗe Wales da Ingila kacokan, suka soke dokar Hywel, suka ce ba mai riƙe muƙami sai da Turanci.

Na_Maraɗi:
Wato nasu ne ya ida aikin. Ɗan_Gwale, ga rabinka ya dawo.

Bazazzage_77:
Wane nasu? Mutumin da aka haifa a Greenwich, bai san ko gaisuwa da yaren ba?

Ɗalibar_Bangor:
In Allah ya kai mu hutun ƙarshen zango zan je Cilmeri, akwai dogon dutse da aka kafa a wurin, duk 11 ga Disamba mutane na taruwa. Zan turo hotuna. Baba Kurtu, in ka ga yanayin wurin sai ka faɗa mana ta inda aka ɓullo masa.

Kurtu_Mai_Ritaya:
Allah ya kai mu, 'yata. Ki ɗauko mini kogin da inda gadar take, da tudun da ke bayansa. Kuma ki sa rigar sanyi.